Iyakar Juyin Sitiyari a Tsofaffin Motoci da Yadda Ake Daidaita Ta

Kowace mota tana da iyakar da ƙafafunta na gaba ba sa wucewa idan direba ya murɗa sitiyari har ƙarshe, hagu ko dama, kuma wannan iyaka ba ta zo bisa katari ba, masu ƙera motar ne suka auna suka ajiye ta da gangan. A tsofaffin motoci da yawa abin da ke tsayar da juyin wata ƙusa ce mai zare, wadda ake ɗaure ta da noti don kada ta motsa, kuma aikinta shi ne ta tokari wani ƙarfe a daidai lokacin da ƙafa ta kai inda aka yarje mata. Saboda haka ana iya kiranta matokari. Ƙaramin abu ne da bai fi tsawon ɗan yatsa ba, sau da yawa ma laka da tsatsa sun binne shi har mai mota bai san da zamansa ba, amma shi ne ke hana taya gogar jikin mota, ya hana tiyon birki miƙewa fiye da kima, ya kuma ɗauke wa akwatin sitiyari nauyin da ba a gina shi don ɗauka ba.

Fahimtar dalilin da ya sa ake buƙatar matokari ɗaya a kowane ɓangare tana komawa ga wata tsohuwar dabara da ta girmi mota kanta. Wani maƙerin keken doki na birnin Munich a Jamus, Georg Lankensperger, shi ne ya tsara ta, sannan Rudolph Ackermann ya yi mata rajista a Ingila a shekarar 1818, har ta ɗauki sunansa. Gundarin dabarar shi ne, idan mota tana shan kwana, ƙafar da ke ciki tana bin da'ira ƙarama, ta waje kuma tana bin babba, don haka dole ta ciki ta fi karkacewa. Wannan ne ya sa ƙafar ciki ce ke fara kusantar jikin mota: a kwanar dama ƙafar dama ce abin lura, a kwanar hagu kuma ta hagu.

Motar Land Rover ta dauri, wadda aka fara ƙerawa a 1948 kuma samfurinta na uku ya ci gaba da fitowa daga 1971 zuwa 1985, ita ce mafi kyawun misali, domin komai nata a fili yake. Ƙafafunta na gaba suna juyawa ne a kan wata ƙwallon ƙarfe mai sheƙi, wadda a cikinta akwai mahaɗar shaf ɗin da ke kai ƙarfin inji ga taya, tana ninkaya cikin mai, da zoben roba da ke hana man zuba. Matokarin yana kusa da wannan ƙwallo. Idan aka janye shi da yawa, don kwaɗayin motar ta riƙa karya kwana a ɗan ƙaramin fili, sai mahaɗar ta riƙa aiki a karkace fiye da ƙarfinta, zoben robar ya hau gefen ƙwallon ya lalace, mai ya fara tsiyaya, ƙura ta samu hanyar shiga. Akwai kuma batun taya. Gajeriyar motar, mai tazarar inci 88 tsakanin ƙafafun gaba da na baya, ta saba zuwa da taya mai lamba 6.00-16, doguwar mai inci 109 kuma da 7.50-16, kuma masu gajeriyar da yawa kan sanya mata babbar tayar don ta ƙara tashi daga ƙasa, ba tare da sun taɓa matokari ba. Sakamakon shi ne gefen taya ya riƙa cin sifirin a duk lokacin da aka murɗa sitiyari har ƙarshe. A tsohuwar Defender, wadda ta gaji wannan mota, ƙa'idar kamfani ita ce a bar aƙalla milimita 20 tsakanin gefen taya da hannun ƙarfen da ke riƙe da ƙafa.

A Volkswagen Beetle, wadda aka taɓa harhaɗawa a Legas, matokaran biyu suna jikin ƙarfen da ke ɗauke da ƙafafun gaba, suna tare hannun da ya sauko daga akwatin sitiyari, kuma tazarar da ake nema tsakanin taya da hannun ƙafa na sama kimanin milimita 10 ce. Peugeot 504 kuwa, wadda ta fito a 1968 kuma masana'antar Kaduna ta daɗe tana harhaɗa ta, tsarinta daban ne: sanda ce mai haƙora da ƙaramin giya ke turawa hagu da dama, iyakar tana cikin kwanson sandar, babu ƙusar da za a murɗa. Idan taya tana goga a irin wannan mota, to laifin yana ga girman tayar, ko wilin da ba nata ba, ko wani ƙarfe da ya lanƙwashe.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a fara da matokari alhali tsakiyar sitiyarin ta goce. Alamar haka sananniya ce: mota tana shan kwanar hagu cikin sauƙi, amma a ta dama sai an yi gaba an yi baya. Gyaran gaggawa da wasu kanikawa ke yi, wato su cire sitiyarin daga kan sandarsa su mayar da shi a miƙe, rufe tukunya ne da abinci bai nuna ba, domin ido kawai aka gyara wa. Akwatin sitiyari irin na da an ƙera shi ne yadda haƙoransa za su fi matsewa a tsakiya, inda mota ke tafiya miƙe, su ɗan saki a gefe. Idan tsakiyar ta goce, sai direba ya riƙa tafiya a kan wurin da ke da wasa, motar tana yawo a kan titi yana ta kamo ta.

Saboda haka aikin yana farawa ne da a tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, a daidaita iskar tayoyi, a sa wa ƙafafun baya waigi, a ɗaga gaba da jak sannan a ɗora ta a kan matashin ƙarfe, domin ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Daga nan sai a girgiza kowace ƙafa a duba ko akwai wasa a kan tayarod da sauran mahaɗai, tun da awon da aka yi a kan abin da ya saki ba ya zama. Sai a kwance sandar da ta haɗa akwatin da ƙafafu, a murɗa sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe ana ƙirga zagaye, a raba biyu, a tsaya a nan. Wannan ita ce tsakiya ta gaskiya. Da ƙafafu suna kallon gaba sosai, sai a ƙara ko a rage tsawon sandar har ta shiga wurinta ba tare da an ja ta ba. Sai bayan wannan, da kuma daidaita kallon tayoyin biyu, ake taɓa matokari: a sassauta notinsa, a matso da ƙusar kusa da ƙarfen da take tokara idan ana son rage juyi, a janye ta idan ana son ƙarawa, rabin zagaye rabin zagaye, ana auna tazara, a kuma tabbatar cewa matokarin ne ke fara tsayar da juyin kafin akwatin ya kai ƙarshen kansa.

Awon da aka yi mota tana sama bai wadatar ba, domin idan ta sauka nauyi ya danne sifirin, taya takan ƙara kusantar madgad da tiyon birki. Kanikawan da suka san aiki sukan shafa alli a gefen taya na ciki, su zagaya da motar a fili gaba da baya, sitiyari a ƙarshe, su ɗan hau tudu da ƙafa ɗaya, sannan su duba inda allin ya goge ko inda ya bar fari. Wuri mai sheƙi a jikin ƙarfen da ko'ina nasa tsatsa ne shaida ce cewa taya ta daɗe tana goga a nan. A motar da ke da famfon mai mai sauƙaƙa murɗa sitiyari, riƙe shi a ƙarshe na tsawon lokaci yana zafafa man ya gajiyar da famfon, ko da matokarin daidai yake.

Duk mai tsohuwar mota da ya canza girman taya, ko ya sauya wili, ko ƙafar motar ta gaba ta daki rami da ƙarfi, ya kamata ya sa a duba masa matokaran biyu kafin ya hau babban titi, kuma ya tsaya a wurin har ya ga an ɗaure notin kowannensu tam.