Tsoron da Ke Zama Bayan Haɗari Ya Wuce

A daren 9 ga Satumba, wayewar garin 10 ga wata, a shekarar 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. Ya shiga Gwange, ya shiga Kasuwar Monday, ya kai har fadar Shehu. Rabon garin da irin wannan ambaliya tun 1994. Mutanen da ruwan ya kora da tsakar dare, da yawansu sun riga sun taɓa gudu, domin tun 2009 rikicin Boko Haram ke raba jama'ar Borno da gidajensu. Ruwa ya janye, an kwashe laka, an koma kasuwa. Amma duk wanda ya zauna da waɗanda suka tsira daga irin wannan masifa ya san akwai abin da ba ya janyewa tare da ruwa: hadari ya haɗu, gaban mutum ya faɗi, ƙofa ta bugu da ƙarfi, ya zabura, dare ya yi, barci ya ƙi zuwa.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da likitoci ke kira amigdala, wanda aikinsa shi ne gano haɗari. Binciken da Joseph LeDoux ya yi shekaru yana yi a kan ɓeraye a Jami'ar New York ya nuna cewa saƙon haɗari yana isa wannan sashe tun kafin mutum ya gama tantance abin da ya gani ko ya ji. Nan take jiki ya saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, jini ya tafi ga ƙafafu da hannaye. Wannan ne ya sa uwa ke iya saɓa 'ya'ya biyu ta ratsa ruwa. Matsalar ita ce sashen yana riƙe duk abin da ya zo tare da haɗarin, ƙara ce ko wari ko duhu, ya ci gaba da ɗaukarsu a matsayin haɗari ko da an samu lafiya. Hausawa sun daɗe da lura da haka, shi ya sa suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

A nan ne nake ganin muke cutar da 'yan'uwanmu ba da niyya ba. Mutum ya ce yana firgita, sai a ce masa ya rage tsoro, ko a yi masa kallon mai raunin imani, in namiji ne kuma a ce ya zama namiji. Alhali Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Musa ya ji tsoro, da Annabi Yaƙub da baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya taɓa masa gani. Bugun zuciya aikin jiki ne. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a wuraren da ake rikici, kusan mutum ɗaya cikin biyar na fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, kamar ciwon damuwa ko fargaba ko firgicin da ke bin tashin hankali.

Sai dai akwai abin ƙarfafa gwiwa. George Bonanno na Jami'ar Columbia ya bi diddigin mutanen da suka yi rashi ko suka tsira daga bala'i, ya gano cewa mafi yawansu suna komawa harkokinsu ba tare da doguwar jinya ba. Abin da ke taimaka musu sananne ne: wurin kwana mai aminci, abin yi, da mutanen da za a jingina da su. Zaman makoki, jaje, gudummawar dangi, duk suna cikin wannan magani.

Ga wanda firgicin ya ƙi sakinsa kuwa, babban tarko shi ne kauce wa abin tsoro. Wanda ya daina bin hanyar da aka tare shi, ko ya daina shiga mota bayan hatsari, yana samun sauƙi na ɗan lokaci, amma ƙwaƙwalwarsa ba ta samun damar koyon cewa haɗarin ya wuce. Yau hanya ɗaya ya bari, gobe kasuwa, jibi ya kasa fita ƙofar gida. Saboda haka maganin da Edna Foa ta Jami'ar Pennsylvania ta inganta ya ginu ne kan tunkarar abin tsoro kaɗan-kaɗan, tare da ƙwararre, a inda babu haɗari na gaske. Tsohon tsoron ba ya gogewa, amma sabon darasi yana hawa kansa har ya rinjaye shi.

Akwai wata hanya da masana daga Jami'ar Konstanz ta Jamus suka gwada da 'yan gudun hijirar Sudan a Yuganda, wadda ta fi burge ni saboda sauƙinta. Ana shimfiɗa igiya a ƙasa a matsayin rayuwar mutum tun haihuwa. Ya ɗora fure a kan kowane lokacin farin ciki, dutse a kan kowane tashin hankali. Daga nan, zama bayan zama, ya ba da labarinsa a jere, yana tsayawa a kan kowane dutse. Abin da ke zuwa masa a gutsure cikin mafarki sai ya samu rana da wuri, ya zama abin da ya faru a baya. Wannan ba yana nufin a tsare wanda ya fito daga hannun masu garkuwa jiya a ce dole ya faɗi komai yau ba. Tilasta magana da wuri na iya ƙara ciwo. A kwanakin farko abinci, barci da mai saurare sun fi tambayoyi amfani.

To wa zai yi wannan aiki? Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne kacal ga mutane sama da miliyan 200, kuma asibitocin tarayya irin na Maiduguri da Kaduna da Kware ba za su isa kowane ƙauye ba. Zimbabuwe ta fuskanci irin wannan ƙarancin, sai likita Dixon Chibanda ya horar da dattijai mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare suna sauraren masu damuwa, suna taya su warware matsala ɗaya bayan ɗaya. Gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi. Muna da ungozoma, malaman Islamiyya da ma'aikatan lafiya na unguwa da jama'a suka riga suka yarda da su. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ya kamata jihohi su bi ta da kuɗin horar da irin waɗannan mutane.

Kafin nan, idan wani naka ya wuce wata guda yana mafarkin abin da ya same shi, yana guje wa mutane, ya kasa aiki, ko ya fara shan ƙwaya don ya yi barci, a raka shi asibiti. Idan ya ambaci ya gaji da rayuwa, kada a bar shi shi kaɗai, kuma kada a jira gobe.