Murhunan Banda Sun Yi Sanyi a Gaɓar Elmina

Tsadar bandar kifi a kasuwannin zangon Kumasi ce ta kai ni wani ƙauyen masunta kusa da Elmina, a gaɓar tekun Gana. Sarkin masunta ya yi mini maraba, ya haɗa ni da wani ɗan zango mai jin Fanti, muka kutsa cikin gari.

Murhunan banda na laka suna jere a bayan gidaje, amma kaɗan ne ke hayaƙi. Ga shi watan Agusta ne, lokacin da ruwan teku ke sanyi, kifin sadin ya taso garke-garke. Shi ne kifin talaka, shi ake kaiwa har Tamale da Bolgatanga. A 1996 an kama fiye da tan 130,000 nasa a Gana, a 2016 kuwa bai kai tan 30,000 ba.

A gindin wani murhu na tarar da wata dattijuwa tana kankare ragar waya. Na ce, "Mama, sannu da aiki." Ta ce, "Zauna, ɗana, ai aikin ne babu."

Daga bakinta na gane cewa kwale-kwale na maza ne, amma jarin na mata ne. Ita ke sayen man inji da abincin masunta, in sun dawo ita za su fara sayar wa kifi, a cire bashi. A da, in ji ta, da asuba ake dawowa, har a rasa kwanon zubawa. Yanzu sai a yi nisa, a kwana a ruwa, a jawo taru cike da leda. Man ya ƙone, bashi na nan, kuma ba ta iya matsa wa mai kwale-kwalen, don ɗan ƙanwarta ne. In murhu ya daɗe a sanyaye, sai ta sayo daskararren kifin waje daga ɗakin sanyi ta banda, da riba ko babu.

Da na ambaci saiko ta yi shiru. Wannan shi ne cinikin da manyan jiragen kamun kifi suka riƙa yi a tsakiyar teku, suna sayar wa kwale-kwale curin ƙananan kifi a ƙanƙare, duk da doka ta hana. Can ta ce ita ma ta saya. Ta san 'ya'yan kifi ne da ba su kai ga yin ƙwai ba, ta san abincin jikokinta take bandawa, amma kuɗin makaranta ba ya jira. Ban ga bakin da zan zarge ta da shi ba.

Hutun wata guda da aka fara ɗora wa masu kwale-kwale a 2019 bai zame musu baƙo ba, don tun kakanni ba a shiga teku ranar Talata. Shinkafa da man girkin da aka raba musu lokacin hutun, dattijuwar ta gode, sai dai shinkafa ba ta biyan bashi. Abin da take roƙo shi ne a nisanta manyan jirage daga ruwan gaɓa, a kuma ba mata rance mai sauƙi ta hanyar adashinsu, wanda ba zai fara cin ruwa ba sai kifi ya shigo.

Jikanta na fari ya ajiye taru tun bara, ya tafi haƙar zinariya. Na biyun ma ya fara tambayar kuɗin mota.