Ɗaukar Ƙaramar Bindiga a Amurka: A Fili ko a Ɓoye

Muhawarar da ake yi a ƙasar Amurka game da ƙaramar bindiga, watau irin su libarba, ba ta tsaya ga mallakarta kaɗai ba. Akwai wata tambaya da ta daɗe a gaban alƙalai: idan mutum ya fita da bindigarsa don kare kai, shin ya ɗaura ta a ƙugu kowa ya gani, ko kuwa ya sakaya ta a ƙarƙashin tufafi? Gyara na biyu da aka yi wa tsarin mulkin ƙasar a 1791 ya tabbatar wa jama'a 'yancin mallakar makamai da ɗaukarsu, amma bai faɗi yadda za a ɗauke su ba. Saboda haka kowace jiha ta bi tata hanya.

A ƙarni na 19 ɓoye makami shi ne abin ƙyama. Jihohin Kentaki da Luwiziyana sun haramta shi tun 1813. A 1846 babbar kotun Jojiya ta yanke cewa hukuma na iya hana ɓoye bindiga, amma ba ta da ikon hana ɗaukarta a fili, kana a 1850 ta Luwiziyana ta bi sahu. Hujjar alƙalan ita ce, wanda ya bayyana makaminsa ya yi wa abokin gabarsa gargaɗi, mai ɓoyewa kuwa shammata yake nema. Wannan ba baƙon tunani ba ne ga Bahaushe, domin shi ma bai ɗauki mai rataye da takobi daidai da mai wuƙa cikin riga ba.

Da birane suka cika, sai al'amarin ya juye: bindigar da ke fili ta zama abin firgita. Alal misali, a 1967 'yan ƙungiyar baƙar fata ta Black Panther suna yawo da bindigogi a bayyane a birnin Okland, suna sa ido kan yadda 'yan sanda ke mu'amala da baƙaƙe, kuma doka ba ta hana su ba. A watan Mayu suka shiga majalisar dokokin Kalifoniya ɗauke da makamai. Shekarar ba ta ƙare ba sai da Gwamna Ronald Reagan ya sa hannu kan dokar da ta hana fita da bindiga mai harsashi a fili. Ashe ke nan wani lokaci ba makamin ake tsoro ba, hannun da ke riƙe da shi ake dubawa.

Shi kuwa ɓoyewa sai ƙara samun karɓuwa ya yi. A 1987 Fulorida ta wajabta wa hukuma ba da lasin ga duk wanda ya cika sharuɗɗa, jihohi da dama suka kwaikwaye ta, Ilinoi ta zama ta ƙarshe wajen halatta ɓoyewa a 2013. A 2022 Kotun Ƙoli ta soke sharaɗin jihar Niyok na cewa sai mai neman lasin ya nuna buƙata ta musamman. Zuwa 2024 fiye da rabin jihohin sun daina neman lasin ɗin ma baki ɗaya.

Masu goyon bayan bayyanawa suna cewa ganin bindiga kan sa ɗan fashi ya canza shawara, kuma zaro ta daga kube ya fi sauri idan riga ba ta rufe ta ba. Sai dai abin da ido ya gani hannu na iya fizgewa, shi ya sa kuben 'yan sanda ke da maɗauri na musamman. Har ila yau mai bindiga a fili shi maharin zai fara nufa. Matsala mafi girma ita ce ruɗani. A 2016, lokacin da wani ya harbe 'yan sanda biyar a birnin Dalas, akwai masu zanga-zanga da ke rataye da dogayen bindigogi bisa halal, har aka yaɗa hoton ɗayansu a matsayin wanda ake zargi alhali ba shi da laifi.

Ɓoyewa ma da nata cikas. Bindigar da za ta ɓuya sai ta kasance ƙarama, ƙaramar kuwa ta fi wuyar saiti, ta fi girgiza hannu. Mai kanti kuma ba ya sanin wanda ya shigo masa da makami. Duk da haka 'yan kasuwa sun fi jure wa wanda ba su gani ba: bayan kisan da aka yi a kantin Walmart na garin El Faso a 2019, kamfanin ya roƙi masu sayayya su daina shiga da bindiga a fili, amma bai hana masu lasin ɓoyewa shiga da tasu ba.