Gargaɗi: Kada A Taɓa Kuɗin Maganin Tsofaffi Da Sunan Foreks

Wannan kira ne ga duk wanda katin banki ko wayar mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke hannunsa, da duk dattijon da ya karɓi garatuti, ko gado, ko kuɗin gonar da ya sayar, alhali yana kan maganin hawan jini, ko allurar ciwon suga, ko ana yi masa wankin ƙoda. Kada a ɗauki ko kwabo daga kuɗin nan a zuba a cinikin kuɗaɗen ƙasashen waje ta intanet, wanda samari ke kira foreks. Kada ka zuba da hannunka, kada ka ba wani ya juya maka. Wanda ya riga ya zuba, ya cire abin da ya rage yau ɗin nan, kada ya tsaya jiran wai kasuwa za ta dawo.

Abin da na gani a unguwarmu ne ya sa ni ɗaukar alƙalami. Wani dattijo, tsohon malamin firamare, ya yi shekara talatin da biyar yana cin alli, ya kuma yi wasu shekarun yana sintiri kafin haƙƙinsa ya fito. Ɗansa yaro ne mai ladabi, ba mashayi ba, ba ɗan caca ba, shi ne ma mai kai shi asibiti a kan babur. Wata rana bayan sallar isha ya durƙusa ya ce, "Baba, kuɗin nan kullum narkewa suke yi a banki. Ka bari in riƙa juya su a waya, ribar kaɗai ta ishe mu sayen magani." Tsohon ya ce, "To, Allah ya yi maka albarka." Wata na farko an ga riba, har aka ƙara nama a miya. Wata na uku babu uwa babu riba. Yaron ya kasa faɗa. Ya koma sayo rabin maganin, yana cewa kantin ne ba su da shi, tsohon kuma ya shiga shan ƙwaya yau ya tsallake gobe don ta kai shi ƙarshen wata. Ranar da muka je dubiya bayan ɓarin jikinsa ya shanye, yaron na zaune a bakin ƙofa, ya kasa haɗa ido da kowa.

Ba zan ƙaryata yaron a kan narkewar kuɗi ba. A watan Yunin 2023, da Babban Banki ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 700 cikin 'yan kwanaki, a watan Fabrairun 2024 kuma ta haura 1,500. Magani, wanda akasarinsa ko sinadarinsa daga waje yake zuwa, ya bi dala a guje. A watan Agustan 2023 kamfanin GSK ya sanar da tattara komatsansa daga Najeriya, masu asma da ke amfani da abin shaƙar Ventolin sun san yadda ta kaya. Don haka wanda ya ce zai nema wa kuɗin tsohonsa mafaka ba mahaukaci ba ne. Mafakar da ya zaɓa ce ramin kura, kuma wannan ba ra'ayina ba ne, lissafi ne da aka yi a kan asusun mutane na gaske.

Hukumar kula da kasuwannin kuɗi ta Faransa, AMF, ta karɓi bayanan mutum 14,799 da suka yi irin wannan ciniki daga 2009 zuwa 2012, ta fitar da sakamako a 2014. Kashi 89 cikin 100 sun tashi da asara, matsakaiciyar asarar kowane mutum kusan Yuro 10,900. Abin da ya fi tayar min da hankali a rahoton shi ne wannan: waɗanda suka fi yawan ciniki, suka fi daɗewa a ciki, su suka fi tafka asara. Wato maganar nan ta "ai yanzu na koya, wancan karon kuskure ne" ba ta da gindin zama. A 2018 hukumar ESMA ta Tarayyar Turai ta tattara alƙaluman ƙasashe daban-daban, ta samu tsakanin kashi 74 zuwa 89 cikin 100 na ƙananan 'yan kasuwa asara suke yi. Daga nan ta tilasta wa dillalai su riƙa rubuta adadin abokan cinikinsu da ke faɗuwa a jikin tallarsu, kamar gargaɗin da ke jikin kwalin taba. A Brazil kuma wasu masana tattalin arziki uku sun bi sawun masu cinikin sayi-yanzu-sayar-yanzu a kasuwar hannayen jari, suka ware waɗanda suka jure fiye da kwana 300 suna yi: kashi 97 cikin 100 asara suka yi, kuma kusan mutum ɗaya ne kacal cikin ɗari ya samu abin da ya wuce mafi ƙarancin albashi.

Mutanen nan fa suna da wutar lantarki da ba ta ɗaukewa, da intanet mai gudu, da hukumar da za su kai wa ƙara.

Dalilin faɗuwar ba sihiri ba ne. Farashin manyan kuɗaɗe kaɗan yake motsawa a yini, don haka dillali sai ya ranta maka ninkin abin da ka ajiye, domin ɗan motsin ya zama babba. A Turai an ƙayyade wannan rance kada ya wuce ninki 30. Dillalan da ke farautar yaranmu, masu rajista a tsibiran da ba wanda ya taɓa zuwa, suna ba da ninki 500, wasu har 1,000. Ka ajiye naira dubu ɗari, an ninka maka sau 500, kana riƙe da cinikin miliyan hamsin. Idan farashi ya karkata da kashi 0.2 cikin 100 kacal ta inda ba ka so, dubu ɗarinka sun tafi, na'ura ta rufe cinikin kana cikin alwala. A kowane saye da sayarwa kuma dillali na yankar nasa, ka ci ko ka faɗi. Su wa kake karawa da su? Kasuwa ce da Bankin BIS da ke Switzerland ya ƙiyasta ana juya dala tiriliyan 7.5 a cikinta kowace rana a 2022, kuma manyan bankuna da kwamfutocinsu ne ke riƙe da ita. Su ma ba su tsira ba: ranar 15 ga Janairun 2015 babban bankin Switzerland ya sauya manufa ba zato ba tsammani, kuɗin ƙasar ya yi tsalle da kusan kashi 30 cikin 100 cikin mintoci, kamfanin dillanci na Alpari reshen Ingila ya durƙushe, mutane da dama suka wayi gari ba jarinsu kaɗai ya ƙone ba, har bashi ake bin su.

Wannan duk ciniki na gaskiya ke nan. Mai yawa daga abin da ake tallatawa a zaurukan WhatsApp da Telegram ko cinikin ba a yi. Kuɗin na baya ake biyan na gaba da su har ranar da na baya suka ƙare. MMM ta rufe asusun mutane a Disambar 2016. MBA Forex ta Fatakwal ta yi alƙawarin kashi 15 cikin 100 duk wata, ta daina biya a ƙarshen 2020, daga baya EFCC ta shelanta neman shugabanta ruwa a jallo kan naira biliyan 213. CBEX ta ruguje a Afrilun 2025, har fusatattu suka fasa ofishinta a Ibadan. Ka ɗauki biro ka lissafa da kanka: naira miliyan ɗaya da ke haihuwar kashi 15 duk wata, a bar riba a kan uwa, za ta wuce miliyan biyar a shekara guda, ta wuce biliyan huɗu a shekara biyar. Mai irin wannan baiwa me zai yi da garatutin malamin firamare?

Yanzu ga ɗaya ɓangaren lissafin, wanda masu tallar foreks ba su taɓa karantawa ba. A 2018 mujallar likitocin Amurka, JAMA, ta buga binciken Lindsay Pool da abokan aikinta na Jami'ar Northwestern. Sun bi rayuwar mutum 8,714, waɗanda aka fara sa wa ido suna tsakanin shekara 51 da 61, na tsawon shekara ashirin, daga 1994 zuwa 2014. A cikinsu 2,430 sun gamu da mummunar karaya, wato sun rasa kashi uku cikin huɗu na dukiyarsu ko fiye cikin shekara biyu. A rukunin waɗanda dukiyarsu ta zauna lafiya, kimanin mutum 31 cikin dubu ke rasuwa a shekara. A rukunin waɗanda suka karye, kusan 65. Bayan an cire tasirin rashin lafiyar da mutum yake da ita tun farko da sauran bambance-bambance, haɗarin mutuwar wanda ya karye ya ɗara na ɗan'uwansa da kashi 50 cikin 100, ya kusa kamo na wanda tun asali ba shi da komai. Binciken ya shafi karaya kowace iri ce, ta gida ko ta kasuwa, amma jikin tsoho ba ya tambayar ta wace ƙofa dukiyar ta fita.

Rai na hannun Allah, babu mai ja. Sai dai an umarce mu da riƙon sababi, kuma sababin a nan a fili yake. A Amurka wanda ya kai shekara 65 yana da inshorar lafiya ta gwamnati, duk da haka ga abin da aka gani. A Najeriya sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun majinyaci da danginsa suke fitowa. A nan, in kuɗi ya tsaya magani ya tsaya. Maganin hawan jini ba irin na zazzaɓi ba ne da ake sha a warke a ajiye. Kullum ne, kuma akwai nau'in da in aka yanke shi farat ɗaya jini da bugun zuciya kan yi tashin gwauron zabi. Hawan jinin ba ya sallama, mutum na hira lafiya lau jijiya ke fashewa a ƙwaƙwalwa. Mai ciwon suga da ke rage allura don ta daɗe, idonsa da ƙodarsa da ƙafarsa ne ke biyan bashin. Mai wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, in ya tsallake, ruwa ya taru a huhu, gishirin jini ya hau har ya iya tsayar da zuciya. Matashi in ya faɗi yana da shekara talatin a gabansa da zai sake tarawa. Ɗan shekara saba'in daga ina?

Labarin asarar kansa ma cuta ne. Likitocin Japan sun bayyana wani ciwo a 1990 da suka sa wa suna takotsubo, sunan wata tukunyar masunta, saboda siffar da zuciya ke komawa in firgici ko baƙin ciki ya buge ta. Alamunsa kamar na bugun zuciya ne, kuma kusan tara cikin goma na masu kamuwa mata ne, akasari masu manyan shekaru. Saboda haka in ɓarnar ta riga ta faru, kada a faɗa wa Hajiya ta waya, kada a faɗa mata tana ita kaɗai, kada a bari ta tsinta a bakin maƙwabta. A samu babba a dangi, a tabbatar ta sha maganinta, a fara da gaya mata yadda aka shirya ci gaba da sayensa, sannan a zo kan asarar. Ɓoyewa kuma ba mafita ba ce. Ɓoyewar ce ta kwantar da malamin unguwarmu. Idan aka ga baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, ko ƙirji ya riƙe da gumi, asibiti za a nufa a lokacin, ba kantin magani ba, ba sai gari ya waye ba.

Kada wani ya ce ai canji sana'ar iyaye da kakanni ce. Ɗan canjin Wapa a Kano yana miƙa maka dala ka ƙirga, ka miƙa masa naira ya ƙirga, hannu da hannu, ku rabu. A waya ba ka mallaki dala ko ɗaya ba, hasashe ka yi da kuɗin rance. Shi ya sa Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a zamanta na Makka a 2006 ta hana ciniki da irin wannan rancen dillali, majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya ma ta haramta wa ɗaiɗaikun mutane foreks ta intanet a 2012. Dokar zuba jari da aka sa wa hannu a Najeriya a watan Maris na 2025 kuma ta wajabta wa irin waɗannan dandali rajista da hukumar SEC, ta tanadi ɗauri ga masu damfarar karɓi-nan-biya-can. Amma a sani, rajista tana nuna dillali sananne ne, ba ta hana asara. Faransawan nan 14,799 duk wurin dillalai masu lasisi suka zuba nasu.

Baba, Inna, in ɗa ko jika ya zo da wannan magana, ƙin yarda ba ƙin sa ba ne. Ku ce sai an kira yayyensa an zauna. 'Yan'uwa kuma, ku ware kuɗin magani a asusu na daban, saƙon shiga da fita ya riƙa zuwa wayar mutum biyu, a sayi na wata biyu ko uku a ajiye in likita ya amince. Wanda aka damfara ya kai ƙara EFCC da SEC da shaidar tura kuɗinsa, kuma ya guji masu kiran waya suna cewa a biya wani abu su ƙwato masa, su ma 'yan gida ɗaya ne.

Kai kuma da katin ke aljihunka, ka shiga ɗakin tsohon yau da daddare, ka buɗe ledar maganinsa, ka ƙirga ƙwayoyin da suka rage.