Me Ke Kawo Ɓera Ɗakin Kwana?

Bayan kakar da ta wuce mun zaga gidajen waɗansu 'yan ƙungiyoyinmu na gama kai a wajen Panshekara da Challawa, domin mu ga yadda aka adana amfanin gona. Gida bayan gida, in muka ce a nuna mana hatsi, ba rumbu ake kai mu ba. Sai maigida ya ɗaga labulen ɗakinsa, ga buhunan dawa da masara da wake an jera su jikin bango, ga tabarmar yara shimfiɗe a gindinsu. A wani gida muka roƙa aka janye buhu ɗaya. Kashin ɓera ya rufe ƙasa, ga kuma rami a kusurwa wanda hannun yaro zai shiga.

Muka ce, "Baba, ina rumbun da muka sani a tsakar gidan nan?" Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Malam, ɓera mudu yake ci. Ɓarawo kuwa buhu yake ɗauka." Ba mu da bakin musa masa nan take, gama gaskiya ya faɗa. Amma lissafinsa bai cika ba, don ba hatsi kaɗai ɓera yake taɓawa ba.

Akwai ƙasashen da wannan magana ta zama ta rai da mutuwa. A yankin Yammacin Nilu na ƙasar Uganda, da Ituri ta ƙasar Kwango, da tsaunukan Madagaska, har yanzu akwai tsohuwar annobar nan mai kumbura kaluluwa a matsematsi ko hammata ko wuya. Ƙwayar cutar tana zaune a jikin ɓeraye, ƙuma ce take ɗauko ta. Muddin ɓera yana da rai, ƙumarsa tana manne da shi. Sa'ad da cutar ta kashe shi, jikinsa ya yi sanyi, sai ƙuma ta sauka neman wani jini, wanda ya fi kusa kuwa shi ne mai barci a kan tabarma. Shi ya sa mutanen can suke tsorata in suka ga ɓeraye suna mutuwa haka kawai ba wanda ya sa musu guba. A 2017 annobar ta kama mutum fiye da 2,000 a Madagaska, ta kashe fiye da 200, yawancinsu da irin wadda take shiga huhu tana bin tari.

Masu binciken da suka bi ƙauyukan Yammacin Nilu ɗaki ɗaki sun tarar da abin da muka tarar a Panshekara. Manoman can ma da yawa sun bar rumbunan waje saboda tsoron sata, sun mai da hatsi bukkokin da suke kwana. Baƙin ɓera na gida kuwa gwanin hawa ne, yana sheƙa a cikin jinka, da dare ya sauko ya ci abinsa. Watau an haɗa masa abinci da makwanci wuri ɗaya, an kuma ajiye masa mutum a ƙasa.

Kada wani ya ce abin na nesa ne. Annobar nan ta shiga Ankara a 1908. A 1924 ta faɗa wa Kumasi, ta taɓa Zango inda fatake Hausawa suke sauka, har hukuma ta rushe tsohon Zango aka gina sabo. A shekarar nan ce kuma ta ɓulla a Ikko, ba ta lafa ba sai 1931. Yau dai ba ta cikin cututtukan da ke damun ƙasar Kano, mun gode Allah. Amma muna da tamu cutar ta ɓera, watau zazzaɓin Lassa. An fara gane shi a 1969 a garin Lassa na ƙasar Barno, bayan wata nas ta asibitin mishan, Laura Wine, ta kamu, aka kai ta Jos ta rasu. A Janairun 2020 ya shigo Kano har ya kashe likitoci. Shi wannan ba ruwansa da ƙuma. Fitsari da kashin ɓera ne a kan abinci, ko cikin ƙurar da ake shaƙa wurin shara. Mai ɗauke da shi wani ɓera ne na saura da gona, wanda macensa take da nonuwa da yawa, takan haifi 'ya'ya goma ko fi a ciki ɗaya, cikin kuwa mako uku ne da 'yan kwanaki. Ba ya ciwo da cutar, yana yawo da ita ne kurum duk tsawon ransa. Daga Disamba zuwa Maris aka fi samun masu kamuwa, daidai lokacin da gonaki suka bushe, hatsi kuma yana cikin ɗaka.

To, me ya sa wani gida yake cike da ɓera, na maƙwabcinsa kuwa da sauƙi? Babban dalili mun riga mun faɗa: inda hatsi yake, nan ɓera yake. Rumbun kakanninmu ba banza aka yi shi ba. An ɗora shi a kan duwatsu, an ja shi nesa da ɗakin kwana, bakinsa yana sama an rufe shi, ƙarƙashinsa kuma fili ne da kyanwa da kaji suke ratsawa. Ko ɓera ya huda shi, a can ɓarnarsa za ta tsaya. Amma a Kumbotso gari ya cim ma ƙauye. An yanka gonaki an yi fulotai, tsakar gida ta ƙuntata, wurin da rumbu yake a dā an gina ɗakin haya domin masu aikin masana'antu. Su 'yan hayar ma ba su da wurin ajiya sai ɗakin nan guda: shinkafa, gari, tukunyar miya, kwanukan da ba a wanke ba, duka a ƙarƙashin gado. Ba laifinsu ba ne. Ɓera dai ba ya tambayar dalili.

Akwai kuma abin da ke bayan katanga. Ƙauyukanmu suna maƙwabtaka da Challawa da Sharaɗa, 'ya'yanmu da yawa kuma suna aiki can ko a Bompai. Duk inda ake jibge hatsi da gyaɗa da fatu a manyan ɗakunan ajiya, ga kwatoci masu ruwa rani da damina, ga juji, ɓera yana samun abin da a daji ba ya samu duk shekara. Buhunan da aka yi amfani da su, waɗanda muke saye da araha, a kakkaɓe su sosai a shanya a rana kafin su shiga gida. Fulotin da aka kewaye aka bari ciyawa ta cinye shi, da kangon da ba a gama ba, su ma gidajen haihuwa ne.

Sauran dalilan a hannunmu suke. Karan dawa da harawar da aka jingina da bangon ɗaki tsani ne zuwa rufi. Dusar awaki da tsabar kaji da ta kwana a kasko tuwon dare ce. Randar da ba murfi rijiya ce. Ƙunar daji kuwa, wadda samari suke yi don farautar gafiya, ba ta ƙare ɓera, kora shi take yi zuwa gida mafi kusa. Sai shanyar barkono da kuɓewa da masara a ƙasa ko a bakin titi, a bar ta ta kwana.

Maganar guba muna so mu tsaya a kanta kaɗan, gama ita ce abin da kowa yake fara tambayarmu. Guba tana kashe ɓera, amma in hatsi da rami suna nan, kafin wata biyu waɗansu sun maye gurbinsu. Mun kuma ga kaji da kyanwa sun mutu ta dalilinta, ba ma a yi maganar yaro mai rarrafe ba. A ƙasashen annoba ma'aikatan lafiya sukan fara fesa maganin ƙuma tukuna kafin su taɓa ɓera, don in aka kashe shi da fari an saki ƙumarsa ke nan a kan mutane. Mu nan, tarko ya fi mana. In ya kama, kada a ɗauki mushen da hannu. A sa leda ko shebur, a binne shi da zurfi, a wanke hannu da sabulu. Inda aka ga kashin ɓera a yayyafa ruwa kafin a share, kada ƙura ta tashi. Ƙwayar nan kuma da ake jefawa cikin buhun wake don kashe ƙwari, iskarta guba ce mai kisa. Ba a amfani da ita a ɗakin da mutum yake kwana, ko kusa da shi.

Mun koma wurin dattijon nan bayan mako biyu, gama tambayarsa tana nan ba amsa: in ya fitar da hatsi, wa zai tsare masa? Abin da muka yi tare ke nan. Waken ya shiga durom na ƙarfe mai murfi, wanda haƙorin ɓera ba ya kamawa. Masarar ta shiga buhun PICS mai riɓi uku, wanda ba ya bukatar magani. Ɓera yana iya huda shi, amma da yake an ɗaure shi ƙam ƙanshin hatsi ba ya fita sosai. Aka ɗora buhunan a kan katako, aka ja su taki ɗaya daga bango. Aka toshe ramin da siminti da fasassun kwalabe, aka buga gwangwani a ƙasan ƙofa. Yara suka koma kan gadon kara da gidan sauro. Dawar ce ta rage, ba inda za ta.

Wannan kuwa ba aikin mutum ɗaya ba ne, aikin ƙungiya ne. Gida goma ko ashirin za su iya haɗa kuɗi su gina ɗakin ajiya guda mai daɓen siminti da ƙofar ƙarfe, da makulli biyu a hannun mutum biyu, da littafin da ake rubuta buhun kowa da sunansa. Kuɗin maigadi in an raba bai kai hatsin da ɓera yake ɓatawa ba. Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su sa wannan a gaban taronsu tun kafin a fara yankan dawa. Kafin nan, duk wanda zazzaɓi ya kama shi, ya sha maganin cizon sauro kwana biyu ko uku bai sauka ba, balle in da ciwon maƙogwaro ko amai, a kai shi asibiti ba da jinkiri ba, a kuma gaya wa likita cewa akwai ɓera a ɗakin da yake kwana.