Filashin: Kiran da Ba a So a Ɗauka

A Turanci, kalmar da muka ara muka mayar "filashin" tana nufin hasken da ke bayyana ya ɓace nan take, irin na walƙiya. A Najeriya an ɗora mata sabon aiki: ka buga waya, ka katse kafin a ɗauka. Maƙwabtanmu na Nijar "bip" suke cewa, daga Faransanci.

Tsada ce ta haifi al'adar. Lokacin da MTN da Econet suka fara aiki a watan Agustan 2001, kira naira 50 ne a minti, kuma ko gaisuwa kawai ka yi ka ajiye, kuɗin minti cikakke za a cire maka. Sai da Glo ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa aka ɗan sarara. Kafin nan kuwa babban yatsa ya riga ya ƙware: wayar na fara ringin, sai jan maɓalli.

Duk wanda ya zauna teburin mai shayi a unguwar Dogo Tebo da ke Potiskum ya san filashin ba ma'ana ɗaya gare shi ba. Ranar Laraba, kasuwar shanun Potiskum na ci, yaron mota zai yi wa direba guda biyu a jere, shi kuma ya ajiye kofi ya miƙe, ya san an gama lodi. Na matafiyi yana nufin na sauka lafiya. Na mai bin bashi ba ya buƙatar tafinta. Mafi yawa dai cewa ake yi: kira ni, ba ni da kati.

Nan ne ƙa'idar take, ko da yake ba wanda ya rubuta ta. Mai filashin ya riga ya yanke wanda zai biya kuɗin maganar, shi ya sa abin daga ƙasa yake tafiya sama. Ɗa ya yi wa uba, yaron shago ya yi wa maigida, budurwa ta yi wa saurayi. Saurayin da ya kuskura ya yi wa budurwa, kafin magariba ƙawayenta sun ji labari. Amma ba kowane babba ake yi wa ba, sai wanda kake da haƙƙi a kansa. Inda akwai kunya, kamar suruki ko malami, ranto katin ya fi mutunci.

Saƙon murya na WhatsApp ya rage wa filashin kasuwa, sai dai data ma kuɗi ce, ga shi a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanoni su ƙara kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da na data. 'Yan damfara su ma sun shigo: su yi maka filashin da lambar ƙasar waje, kana bin kiran katinka ya zube. Baƙuwar lambar da ta fara da alamar tarawa ba tare da 234 ba, in ba ka da ɗan'uwa a can, ƙyale ta ta sake kira.