Yoyon Mai A Injin Babur: Inda Ya Ɗiga Ba Nan Ne Mafarinsa Ba

Duk wanda ya tsaya ya lura da wuraren da ake jingine babura a Birnin Kudu, ko a ƙofar sakatariyar ƙaramar hukuma, ko a bakin Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, ko a gindin itatuwan makarantu, zai ga ƙasa ta yi ɗigo-ɗigo baƙi ƙirin. Kowane ɗigo shaida ce ta injin da ke zubar da mai. Masu baburan sun san da haka, amma akasarinsu sun ɗauki abin a matsayin tsufa irin na ƙarfe, sai su riƙa ciko suna tafiya har ranar da injin zai buga a tsakiyar daji.

Babur ya daɗe da zama ƙafar ƙaramin ma'aikaci a wannan yanki. Tun lokacin da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta karɓi rahoton kwamitin Udoji a 1974, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi tare da ariyas, malaman makaranta da malaman gona da na asibiti suka shiga sayen Honda da Suzuki da Yamaha. A lokacin Birnin Kudu da Gwaram suna cikin Jihar Kano, domin sai a ranar 27 ga Agusta, 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Daga baya Jincheng ta ƙasar Sin ta cika gari, sa'an nan Bajaj Boxer ta Indiya ta karɓe hanya. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuwa, ma'aikata da dama da suka saba da mota sun jingine ta sun koma kan babur.

Abin da ya sa yoyo ya fi haɗari ga babur a kan mota shi ne ƙanƙantar cikinsa. Injin mota yana ɗaukar mai wajen lita 4, amma irin baburan nan na yau da kullum ba su wuce lita 1 ko ƙasa da haka ba. Kuma ba su da lagireto, wato iska ce da man nan suke sanyaya su. A watan Afrilu, lokacin da zafin rana kan haura digiri 40, malamin da ya tashi daga Birnin Kudu zuwa wani ƙauye a ƙasar Gwaram da rabin man da ya kamata, da kuɗin fistin da ringi da karanshaf yake caca, ko ya sani ko bai sani ba. Akwai kuma haɗarin da ya fi na aljihu: man da ya fantsama kan tayar baya yana sa santsi, musamman a kwana ko bayan yayyafi.

To, ta ina ake farawa? A nan ne ake yawan yin kuskure. Mai babur ya ga mai yana ɗiga daga ƙasan inji, sai ya ce ƙasan ne ya lalace. Bakanike mai gaggawa shi ma ya amsa, ya kwance, ya canja gasket, ya karɓi kuɗi, bayan kwana uku ɗigo ya dawo. Alhali kuwa mai abu ne mai tafiya. Nauyinsa yana jan sa ƙasa, iskar gudu tana tura shi baya, yana bin haƙarƙarin silinda da wayoyi da gefen murfi har ya tsaya a wuri mafi gangara. Saboda haka wurin da aka ga ɗigo, ƙarshen tafiyarsa ne. Mafarin yana sama da nan, ko gaba da nan, ko duka biyun. Ƙurar jan ƙasa da ta hunturu kuma sai ta ƙara dagula lissafi, domin tana haɗuwa da man ta zama kwaɓa, ta lulluɓe injin baki ɗaya har ba a gane sabon jiƙo da tsoho.

Kafin a taɓa sifana, ya kamata a tabbata cewa abin da ke zuba man inji ne. Mahaya da yawa suna shafa wa sarƙa baƙin man juye, ita kuwa tana watsa shi cikin murfinta, idan an ajiye babur sai ya riƙa ɗiga kamar daga inji yake. Wani lokaci fetur ne yake tsiyaya daga kafireta yana wanko dauɗar jikin inji, wannan hanci kaɗai ya isa ya rarrabe. Wani lokaci kuma man shokozoba na gaba ne iska ke kaɗowa baya. Masu tsofaffin babura irin waɗanda ke ƙona mai tare da fetur, kamar Suzuki A100, su ma kada baƙin maiƙon bakin salansa ya tsorata su, domin haka ƙirarsu take. Hanyar yanke shakka ita ce a kafa babur a kan jak ɗin tsakiya a wuri mai daidaito, a bar shi ya huta 'yan mintoci, a duba gejin mai, a kuma maimaita haka kwana biyu ko uku. Idan man bai ragu ba, to, a nemi matsalar a wani wuri.

Idan kuwa yana raguwa, mataki na gaba ba ya cin kuɗin kirki, amma shi ne aka fi tsallakewa. A bar inji ya huce sarai, a wanke shi da kananzir da buroshi, a ɗauraye da ruwan omo, a bar shi ya bushe ƙayau. Ba a wanke inji mai zafi da fetur. An sha ganin abin da hakan ke haifarwa. Bayan ya bushe, sai a barbaɗa farar hoda, ko garin alli, a duk inda ƙarfe biyu suka haɗu. A tayar da shi, a zagaya kamar minti 10, a dawo a kashe, a duba da tocila tun daga sama ana gangarowa. Wuri mafi tsawo da hodar ta jiƙe, shi ne abin nema. Idan yoyon mai jinkiri ne, a shimfiɗa farin kwali a ƙarƙashi a kwana, da safe a ga ta wane ɓangare ya sauko.

Wuraren da aka saba kama ɓarawon ba su da yawa. Daga can sama akwai murfin bawul, wanda robarsa kan bushe ta yi tauri saboda zafi. Wannan gyaran kaɗan ne, ko da yake shi ne ya fi ɓata jikin inji, har mutum ya zaci silinda ce ta fashe. Ƙasa da shi akwai gasket ɗin kan silinda da na gindinta. A hannun dama akwai murfin kuloci da sil ɗin sandar kik. A can ƙasa kuma akwai notin juye. Wannan noti na ƙarfe ne mai ƙarfi, jikin inji kuwa na alminiyon ne mai taushi, saboda haka yaron gareji da ya ɗaure shi da iyakar ƙarfinsa yana iya cinye haƙoran ramin. Sau da yawa ƙaramar washa ce kawai ta baje don an yi ta mayar da ita juye bayan juye.

Hannun hagu shi ne ya cancanci a daɗe a kansa, domin nan ne aikin da baburan wannan yanki ke yi yake bayyana. A bayan ƙaramin sifaket ɗin da ke jan sarƙa akwai wani sil na roba da ya kewaye sandar da ta fito daga cikin giya. Babur ɗin da ake ɗora wa buhunan riɗi ko shinkafa zuwa kasuwar Sara, ko ake ɗaukar mutum uku a kansa daga Babaldu, idan an ja sarƙarsa ta yi tsauri lokacin da ba kaya, da zarar nauyi ya hau sai ta ƙara ɗamewa, ta riƙa fisgar sandar nan gefe guda. A hankali boris ya saki, sanda ta soma rawa, sil ya buɗe baki. Wanda ya canja sil bai duba boris da tsaurin sarƙa ba, zai sake canja wani kafin wata ya ƙare. Har ila yau zare da leda da ciyawar hanyar gona suna naɗewa a bayan sifaket su yanke leɓen robar. Tun da man sarƙa ma a nan yake taruwa, sai an cire murfin an wanke wurin tas kafin a yanke hukunci. Kuma kada hannu ya kusanci sarƙa muddin inji yana aiki. Kusa da nan akwai sil ɗin sandar canja giya, wanda kan lalace idan babur ya faɗi ta wannan gefe sandar ta lanƙwashe.

Ƙasar Birnin Kudu ƙasar duwatsu ce, su ne ma suka yi mata suna saboda zane-zanen mutanen da da ke jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude. Irin wannan ƙasa tana da nata rabon a cikin matsalar: dutse ɗaya da ya daki cikin inji a hanyar burji ya isa ya yi masa tsaga siririya kamar gashi, wadda ba ta buɗewa sai ƙarfe ya ɗauki zafi. Irin wannan ba gasket da zai yi maganinta, sai mai waldar alminiyon.

Akwai kuma yanayin da za a ga mai yana tsatsafowa ta wurare uku ko huɗu a lokaci guda. A nan bai kamata a zargi sil da gasket ɗaya bayan ɗaya ba. Kowane inji yana da ɗan bututun da yake fitar da iskar da ke taruwa a cikinsa. Idan laka ta toshe shi a damina, ko ya lanƙwashe, iskar sai ta matsa wa man ya nemi mafita ta duk inda ya samu rauni. Haka ma idan an cika mai fiye da alamar geji, abin da wasu ke yi da kyakkyawar niyya kafin doguwar tafiya. Idan bututun a buɗe yake amma yana furzar da hayaƙi da mai, salansa kuma tana fitar da shuɗin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi da maiƙo, to, ringi ya tafi, kuma man a ciki yake ƙonewa. Matatar iska da aka bari ta yage, ko aka cire ta aka yar, ita ce ke shigar da ƙurar da ke cinye ringin.

Dangane da gyara, dabarar da ta fi yi wa masu babura illa ita ce malala gam mai yawa a maimakon gasket. Rarar da ta matso ta ciki tana ɓallewa, ta bi mai, ta toshe rariyar da ke tace shi, sai saman inji ya rasa mai alhali geji yana nuna a cike yake. Gasket na kwalin sabulu kuwa na fitar da mutum daga daji ne zuwa gari, ba na zama ba. Bakanike na ƙwarai zai kankare tsohon gasket ba tare da ya karce ƙarfen ba, ya ɗaure notuna a hankali, wannan da na daura da shi, ya shafa wa leɓen sabon sil ɗan mai kafin ya zura shi. Mai babur kuma yana da haƙƙin ya ce a wanke a nuna masa mafarin yoyon da idonsa kafin ya yarda a sauke inji, ya kuma nemi a ba shi tsohon kayan da aka cire. Bayan an gama, a sake barbaɗa hoda a wurin, a yi tafiyar yini guda, a duba geji washegari da safe kafin a kama hanyar Gwaram.